Binciken sanya wa bayanan intanet ma'ana: ina ya dosa, kuma wane ɓangare ɗaliba za ta kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a sashen tsarin bayanai a nan Jidda. Mushrifata, wato malamar da ke duba bincikena, ta ce in duba fannin sanya wa bayanan intanet ma'ana, yadda tsare-tsaren kwamfuta daban-daban za su iya musayarsu su fahimci juna. Abokan karatuna suna cewa fannin ya tsufa, zuwan ChatGPT ya binne shi. Ina bincike ya dosa yanzu, kuma wane ɓangare kake ganin in kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Fannin yana nan da ransa. Abin da ya faru shi ne burin farko ya yi girma fiye da kima, aka rage shi, sannan sunan ya sauya, shi ya sa abokanki ba sa gane shi idan sun gan shi. Zan ɗan tsawaita, domin zaɓen maudu'in risala abu ne da za ki zauna da shi shekara biyu.

Ki fara riƙe matsalar da kanta kafin sunayen fasahohin. Idan kika rubuta "Madina" a wani rumbun bayanai, ke kin san birnin Manzon Allah (SAW) kike nufi. Kwamfuta haruffa shida kawai ta gani. Akwai unguwar Madina a Akara ta Gana, akwai mata masu wannan suna. Haka "Kano": birni ne, jiha ce, masarauta ce, kuma sunan Bajapanen da ya ƙirƙiro wasan judo ne. Ga wani misali na kusa da mu. A gasar cin kofin duniya ta 2018, tawagar Saudiyya ta je da 'yan baya uku masu laƙabin Hausawi: Usama, Umar da Mu'utaz. Jaridu suna rubuta laƙabin Hawsawi, wasu Hosawi, wasu Housawi. Tsarin da ke kwatanta haruffa kaɗai zai iya mayar da mutum uku su zama ɗaya, ko ya raba mutum ɗaya gida uku. Duk fannin nan amsar tambaya biyu yake nema: ta yaya tsari biyu za su tabbatar abu ɗaya suke magana a kai, kuma ta yaya za su yarda da ma'anar alaƙar da ke tsakanin abubuwa.

Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, shi da James Hendler da Ora Lassila suka wallafa maƙalar The Semantic Web, wato sunan fannin na asali, a mujallar Scientific American a watan Mayun 2001. Tun 1999 ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan yanar gizo ta riga ta fitar da RDF, wato hanyar rubuta kowane bayani a jimla mai gaɓa uku: abu, alaƙa, da abin da alaƙar ta kai gare shi. Saudiyya, babban birninta, Riyad. Sirrin yana wajen cewa kowace gaɓa tana da adireshi na dindindin wanda ba ya dogara da harshe. A Wikidata, buɗaɗɗen rumbun bayanai na gidan Wikipedia, alal misali, Saudiyya Q851 ce, Nijeriya Q1033, alaƙar "babban birni" kuma P36. Ko da Larabci kika karanta ko da Hausa ko da Sinanci, lambar ba ta canzawa. Daga baya aka ƙara OWL a 2004 domin rubuta ontoloji, wato tsararren bayanin nau'o'in abubuwan da ke cikin wani fanni da dokokin da ke tsakaninsu, sai SPARQL a 2008 domin yi wa bayanan tambaya.

Inda abokanki suke da gaskiya shi ne, an yi zaton kowane mai shafi zai zauna ya yi wa bayanansa alama da ontoloji mai zurfi, sannan manhajoji su riƙa ciro hukunci a faɗin intanet baki ɗaya. Wannan bai faru ba. Aikin yana da wuya, kuma mai shafi bai ga ribar da zai samu ba. Abin da ya yi nasara shi ne sassauƙan ɓangaren. A 2006 Berners-Lee ya taƙaita lamarin a ƙa'idoji huɗu na haɗa bayanai da juna. DBpedia ta fito a 2007 tana ciro bayanai daga Wikipedia. A 2011 Google da Microsoft da Yahoo suka haɗu suka kafa schema.org, ƙamus na bai-ɗaya na alamomin da mai shafi zai sa wa bayanansa, kuma da masu shaguna suka ga farashin kayansu yana fitowa kai tsaye a sakamakon bincike, ba wanda ya roƙe su kafin su yi alamar. A 2012 Google ya sanar da Knowledge Graph, Wikidata ma ta buɗe a Oktoban shekarar, yanzu tana ɗauke da abubuwa fiye da miliyan 100. Tun daga lokacin yawancin masu bincike suka koma amfani da sunan da zan fassara miki da "ragar ilimi", wato tarin abubuwa da alaƙoƙin da ke haɗa su kamar raga. Idan kina neman maƙalun baya-bayan nan, ƙarƙashin sunan da Google ya yayata za ki fi samunsu.

Akwai abin da nake gaya wa ɗalibanmu da suka yi karatun addini, domin su sun riga sun san zuciyar wannan fanni. Malaman hadisi sun sha fama da ruwayar da aka ce "daga Sufyan" ba a fayyace ba: Sufyan as-Sauri ne, ko Sufyan bin Uyaina da ya zauna a Makka? Ba su tsaya kan sunan ba. Sun duba wa ya karɓa daga gare shi, shi kuma daga wa ya karɓa, da haka suke gane mutumin. Al-Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan hijira, ya rubuta littafi guda a kan maruwaitan da sunansu ya zo ɗaya alhali mutane ne daban, Al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ. Hanyoyin zamani na gane cewa bayanai biyu mutum ɗaya suke nufi haka suke aiki, suna duba maƙwabtan abu a cikin raga. Isnadi kuma shi ne abin da W3C ta yi wa ma'auni a 2013 da sunan PROV: wa ya faɗa, daga ina ya samo, yaushe.

To, ina bincike ya dosa? Mafi yawan ƙarfi yanzu yana mahaɗar ragar ilimi da manyan manhajojin harshe irin ChatGPT. Kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Manhajar harshe tana karanta rubutu ko wane iri, amma tana shaci-faɗi, kuma ba ta iya nuna miki inda ta samo magana da kanta. Raga tana da tabbas da asali, amma gina ta da hannu yana cin lokaci da kuɗi, kuma mutum na gari bai iya rubuta SPARQL ba. Saboda haka aikin ya rabu ta fuskoki da dama. Wasu suna amfani da manhajar harshe ta karanta takardu ta ciro jimloli masu gaɓa uku. Wasu suna sa ta mayar da tambayar ɗan Adam zuwa SPARQL, amsar kuma ta fito daga raga, ba daga ƙwaƙwalwar manhajar ba. Wasu kuma suna ciyar da manhajar da yankin raga kafin ta amsa, irin GraphRAG da Microsoft ya fitar a 2024.

A nan ina da ra'ayi, kuma ina so ki riƙe shi. Da yawa daga cikin ragogin da ake ginawa ta wannan hanya ba su da amfani a wajen manhajar da ta gina su. Ba su da adireshi na dindindin, ba su bin ƙamus ɗin alaƙoƙi da kowa ya sani, gobe idan aka sake gudanar da aikin sunayen alaƙoƙin za su fito daban. Sun taimaka wajen amsa tambaya, amma maganar musayar bayanai tsakanin tsare-tsare, wadda ita ce tambayar mushrifarki, ba su taɓa ta ba. Giɓin bincike na gaske yana wurin tilasta wa manhajar harshe ta fitar da abin da ya dace da ƙamus sananne, ta ɗaure kowane suna da lambarsa, sannan a auna sau nawa take kuskure.

Kusa da wannan akwai aikin mayar da raga zuwa lissafi, yadda kowane abu da kowace alaƙa za su zama jerin lambobi, daga nan a yi hasashen alaƙar da ba a rubuta ba. TransE na 2013 shi ya buɗe ƙofar. Ba sai kin je nesa ba: a jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, ƙungiyar Robert Hoehndorf ta yi fice a duniya wajen haɗa ontolojin ilimin halittu da koyon na'ura, su suka fitar da DeepGO mai hasashen aikin furotin. Idan kina da ƙarfi a lissafi da mandiƙi, wannan hanya ce mai kyau. Idan ba haka ba, kada ki shige ta don kawai tana tashe.

Ɓangare na gaba ba ya jan hankalin ɗalibai, amma shi ne abin da muke fama da shi a wurin aiki kullum, wato ingancin bayanai. OWL an gina shi ne a kan cewa abin da ba a faɗa ba, ba a san shi ba ne kawai, ba ƙarya ba ne. Wannan ya dace da intanet, amma ma'aikacin asibiti yana so a ce masa "wannan fayil ba shi da ranar haihuwa, a mayar da shi". SHACL, wanda ya zama ma'auni a 2017, shi ya toshe wannan ɓaraka, kuma har yanzu ana bincike kan yadda za a ciro dokokinsa daga bayanan da ake da su. Ana kuma aikin RDF 1.2, wanda zai sauƙaƙa yin magana a kan jimla ita kanta, kamar a ce wannan bayani daga wane ne, kuma daga yaushe zuwa yaushe yake aiki. Sai tsohuwar matsalar alaƙar nan ta "wannan shi ne wancan" a OWL. Tun 2010 Harry Halpin da abokan aikinsa suka nuna ana yawan amfani da ita ba daidai ba. Idan wani ya ce birnin Kano shi ne jihar Kano, duk abin da aka faɗa kan ɗaya zai zuba kan ɗayan, kuskure ɗaya ya bazu zuwa kowane rumbu da ke haɗe.

Wani sauyi babba shi ne an daina tunanin kwaso komai a zuba wuri ɗaya. Ma'aikatu ba za su bar rumbunansu na gargajiya na SQL ba, doka ma ba za ta bar su su miƙa bayanan mutane ba. Don haka ake barin bayanai inda suke, a shimfiɗa musu fassara a sama. Ma'aunin R2RML na 2012 da manhajar Ontop ta jami'ar Bolzano a Italiya suna ba ki damar yi wa rumbu na gargajiya tambaya kamar raga ce. Tambaya ɗaya da za ta ratsa rumbuna da yawa har yanzu tana da nauyi. Ko Wikidata sai da ta raba sabis ɗin tambayarta gida biyu, ta ware bayanan maƙalun ilimi gefe, saboda girma. Berners-Lee kansa ya koma aikin Solid, inda mutum ke riƙe bayanansa ya ba manhajoji izini. Turai kuma tana gina filayen musayar bayanai na fanni-fanni masu ɗauke da sharuɗɗan amfani da na'ura za ta iya karantawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta SDAIA da aka kafa a 2019 ita ke kula da dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Satumban 2023, wa'adin daidaitawa kuma ya cika a Satumban 2024.

A harkar lafiya musayar ta riga ta zama aikin yau da kullum. Dandalin NPHIES da asibitoci da kamfanonin inshora suke amfani da shi a ƙasar nan an gina shi ne kan FHIR, ma'aunin musayar bayanan lafiya, shi kuma FHIR yana da sigar RDF. Wajen masana kimiyya akwai ƙa'idojin FAIR na 2016, masu neman bayanan bincike su zama masu sauƙin nemowa, samu, musaya da sake amfani. Masu rumbunan raga irin Neo4j su ma sun samu harshen tambaya na hukumar ma'aunai ta duniya (ISO) mai suna GQL a 2024, ana ta ƙoƙarin gina gada tsakaninsa da RDF. Waɗannan ki san da su, ba sai kin zurfafa ba.

Yanzu ga inda nake so ki kama, kuma a nan zan daɗe, domin fili ne da kusan ba kowa a cikinsa, ke kuma kina da abin da sauran ɗaliban ajinku ba su da shi.

Na yi aiki a kan jerin sunayen alhazai na wani kamfanin hidima. Ki ɗauki alhaji ɗaya. Fasfonsa ya ce Garba Danjuma Funtua. Ƙugiyar Ɗ ta riga ta faɗi tun a fasfo. Ma'aikacin masauki a Makka zai rubuta Garba da Larabci, kuma tunda Larabci ba shi da harafin g, zai sa ƙaf kamar yadda ake yi a nan. Ma'aikaci Bamisre a wurin motoci zai sa jim. Malamin da ya rako tawagar, wanda ya saba da ajami, zai sa gain. A ƙaramin asibitin Mina kuma da aka tambayi alhajin sunansa, sai ya ce Abubakar, kuma gaskiya ya faɗa, domin Garba Abubakar ne, kamar yadda Habu da Buba suke Abubakar, Iro Ibrahim, Binta Faɗimatu, Shehu kuma sau da yawa Usman. Fom ɗin ƙasar nan yana neman suna huɗu: naka, na uba, na kaka, da na dangi. Shi kuma Funtuwa gari ne, ba dangi ba. Hajiya kuwa tana iya zuwa da sunan miji a fasfo, katin rigakafinta na sanƙarau yana ɗauke da sunan mahaifi. Schema.org yana da gurbin sunan yanka da na dangi da wani ƙarin suna, amma ba shi da gurbin da zai ce wannan laƙabi ne da ke tsaye a madadin wancan suna.

Sai ki ce to a duba ranar haihuwa. Dattawanmu da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu, kamar yadda dattawan Saudiyya da yawa aka rubuta musu 1 ga Rajab. Ranar da ya kamata ta raba mutane ta zama mai tara su. Juya kwanan wata daga hijira zuwa miladiyya ma ya danganta da kalandar da aka bi, domin ta Ummul Ƙura tana iya saɓa wa ta lissafi da kwana ɗaya, nau'in kwanan wata da RDF ya gada kuwa na miladiyya ne. Ki tuna an yi aikin hajjin 2024 da mutum fiye da miliyan 1.8, kujerun Nijeriya kaɗai 95,000 ne a shekarar. Idan tsarin asibiti bai gane cewa majinyacin da ke gabansa shi ne mai ciwon sukarin da aka yi wa rajista a Kano ba, abin ya wuce matsalar kwamfuta.

Kayan aikin da za ki fara da su suna nan. A 2021 aka zaɓi Hausa cikin harsuna ƙalilan da Wikidata da shirin Abstract Wikipedia za su ba fifiko wajen tattara kalmomi, tare da Ibo da Bengali da Malayalam da Dagbani. MasakhaNER, tarin rubutun da aka yi wa alamar sunaye a harsunan Afirka goma a 2021, yana da Hausa. Ta ɓangaren Larabci akwai ontolojin da Mustafa Jarrar ya jagoranta a jami'ar Birzeit ta Falasɗinu. Ma'aunin alamar harshe ya riga ya ba ki ha-Latn domin boko da ha-Arab domin ajami. Abin da za ki ƙara shi ne gadar da ke tsakaninsu: ƙaramin ƙamus na RDF da ke bayyana yadda sunan Bahaushe yake ginuwa, jerin laƙubba da sunayen da suke wakilta, sigogin rubutunsu a boko da ajami da Larabci, sannan gwaji mai tsafta da ke kwatanta hanyar kwatanta haruffa, da manhajar harshe ita kaɗai, da manhajar harshe haɗe da ragarki. Aikin nan ɗaya zai amfani masu kundin rubuce-rubucen ajami, inda marubuci ɗaya yake fitowa da suna daban a kowane ɗakin karatu.

Abin da nake roƙonki ki guje shi ne risalar "mun gina ontoloji na kaza". Na karanta irinsu da yawa, har da na aikin hajji da na Alƙur'ani. Ɗalibi ya buɗe Protégé, manhajar zana ontoloji, ya zana nau'o'i da alaƙoƙi, ya sa hoton a babi na huɗu, bayan an ba shi digiri adireshin ya mutu, ba wanda ya taɓa amfani da shi. Kafin ki ƙirƙiri alaƙa ko ɗaya, ki duba ko sanannun ƙamusai irin schema.org ko SKOS ko Wikidata suna da ita. Ki rubuta tambayoyin da ragar za ta amsa tun kafin ki zana komai. Ki sa aikin a adireshin da ba zai mutu ba, irin na w3id.org, da lasisi a bayyane.

Domin ki ga inda ake a yau, ki buɗe kundin manyan tarukan fannin, ISWC da ESWC, na shekaru uku da suka wuce, musamman sashen da ake gabatar da tarin bayanai da kayan aiki, domin irin aikin da nake ba ki shawara can yake shiga. Ki duba kuma gasar OAEI ta daidaita ontoloji, wadda ake yi tun 2004, ki ga yadda suke auna sakamako.

Maganar bayanan gwaji ita ce za ta fi ba ki wahala, don haka ki tayar da ita da mushrifarki a zamanku na gaba. Kada ki karɓi jerin sunayen alhazai na gaske daga hannun wani ɗan'uwa da ke aiki a kamfani, ko da da kyakkyawar niyya ya ba ki, domin dokar da na ambata ta hana, kuma amanar mutane ce. Ki gina tarinki daga sunayen sanannun mutane da ke Wikidata da jaridun Hausa da na Larabci, ki ƙara da sunayen da kika harhaɗa da kanki bisa tsarin da kika bayyana. Ki samu mutum biyu ko uku masu jin Hausa da Larabci, cikin 'yan'uwanmu na Jidda ko Makka, kowa ya yi alamarsa shi kaɗai, sannan ki lissafa yawan inda suka yi ittifaƙi. Idan aikin zai taɓa bayanan asibiti ko kaɗan, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku tun a zangon nan, saboda amsarsu takan ɗauki lokaci.